Fedigirin Hudu Sanda

A shekarar 1984 duk Bahaushen da ke garin Greensboro a Amurka ya san Hudu Sanda, saboda ni da kaina nake bi ina gaya musu ko wane ne shi. Ina karatun digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma. Ni da matata Rumasa'u muna haya a saman wani tsohon gidan katako a unguwar Glenwood, ranar Asabar kuma ina yankan ciyawa a gidajen attajiran Irving Park. In na rubuta wasiƙa Kano, wannan yankan ciyawar sunanta "harkar filaye".

A wancan zamanin babu abin da ban sani ba. A kawo zancen injin mota, na sani. A kawo zancen haƙori, na sani, ko da kuwa likitan haƙorin yana zaune a wurin. Kalmar "ban gane ba" ba ta taɓa fita daga bakina ba, kuma ita ce ta kashe ni.

Wata ranar Laraba ruwan sama ya tsare ni ina jiran bas, sai na faɗa wani ɗan shago don in fake. Shagon komik ne, littattafan zanen nan na yara. A cikin gilashi an jingine guda ɗaya, an haska masa fitila kamar zinariya. A bangonsa wani ƙato ne mai fikafikan tagulla, ya sa kamfai a kan wando, yana naushin jirgin ruwa. Na duba farashi. Na goge tabarauna na sake dubawa.

"Dala dubu biyu?" na ce da mai shagon. "Ko dai sifili ya zame maka?"

Mai shagon wani siririn Bature ne mai suna Mista Coble, gashinsa a ɗaure ta baya kamar na amarya. Ya dube ni da tausayi.

"Wannan fedigiri ne," in ji shi. "Wato tarin mutum ɗaya, wanda ya saye su sababbi shekara arba'in da suka wuce, ya adana, ba su bi hannu ba. Masu tarawa sun san kowane tari da alamar mai shi. Ka ga nan a kusurwa..."

Ya ci gaba da nuna wani abu da ɗan yatsa, amma ni na riga na tafi. Fedigiri ai na san shi, mun yi shi a darasin kiwo: saniya mai asali, mai tambarin ubangijinta a cinya. Me ya rage?

"Sai dai kuma dole ya zama mint," in ji shi. "Ka san mint?"

"Haba Mista Coble! A garinmu da shi muka tashi."

Abin da yake nufi, kamar yadda na sani daga baya a gaban jama'a, shi ne littafi ya zama kamar yau aka buga shi. Ni kuwa minti na ji, alewar nan mai sanyaya maƙogwaro. Na ce a raina, Turawa dai ba su da aiki, har littafi sai ya yi ƙamshi.

Asabar ɗin da ta biyo na je gidan Misis Holt, wata dattijuwa da ke zaune ita kaɗai a wani makeken gida a Irving Park. Bayan na gama ciyawa ta ce in taimaka in sauko mata da tarkace daga ɗakin da ke ƙarƙashin rufi. Cikin tarkacen akwai wani akwatin katako mai nauyi. Da ta buɗe, sai na leƙa. Komik ne, guda arba'in da ɗaya, kowanne a naɗe cikin farin zane, launinsu na walƙiya kamar jiya aka kawo su daga maɗaba'a. Ƙaton nan mai fikafikai yana ciki, shi da 'yan'uwansa masu kamfai a waje.

"Na ƙanena Wolta ne," in ji ta. "Tun yana ɗan shekara goma yake saye. Sai ya wanke hannu kafin ya buɗe, ni kuwa bai taɓa bari na taɓa ko ɗaya ba. Ya tafi yaƙin Koriya bai dawo ba." Ta shafa murfin akwatin. "Ɗauki, Hudu. Ka kai su inda za a san darajarsu."

"Mama," na ce, "kin kawo su hannun masani."

Ranar Juma'a, a ɗakin da muke haya muna salla a East Greensboro, liman na sallamewa na miƙe na yi gyaran murya. Mu kusan ashirin ne.

"Jama'a, ina so in sanar da ku cewa zaman hayarmu ya ƙare. Ni Hudu zan gina masallaci."

Sale ne ya fara magana, wani ɗan Damagaram da ke karatun injiniya, mai jefa Faransanci a magana, wanda tun da muka haɗu bai taɓa yarda da ko gaisuwata ba sai ya bincika.

"Bon," in ji shi, "da injin ciyawa za ka gina shi, ko da baki?"

"Da fedigiri."

"Wace ce kuma Fedigiri? Rumasa'u ta san da ita?"

Na yi musu bayani dalla-dalla, har da abin da ban sani ba. Na ce guda ɗaya dala dubu biyu, ni kuwa ina da arba'in da ɗaya. Na ce masallacin zai yi hasumiya da wurin ajiye motoci da famfon ruwan zafi saboda alwalar hunturu. Na waiwaya na ce wa Sale zan sa masa famfo nasa shi kaɗai, ko bakinsa zai wanku.

Alhaji Badaru, dattijonmu, wanda ke aiki a masaƙar yadi kuma shi ke zaune a ƙasan gidanmu, ya ja ni gefe.

"Hudu, ka ji shawara. Ka ɗauki akwatin nan yadda yake, ka kai wa mai shagon. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"Alhaji, ai dillali ne. Ya saya a hannuna da arha ya sayar da tsada? Nan da sati uku akwai babban taron masu komik a otal. Na kama tebur. Ni zan gyara kayana, ni zan sayar."

"Me ya lalace da za ka gyara?"

"Alhaji, wannan fanni ne. Sai an karanta."

Da na koma gida na buɗe akwatin na shinshina. Ƙamshin tsohon katako kawai, babu ɗigon minti. Na ce to, ga inda Wolta ya gaza, Allah ya kawo wanda zai ƙarasa. Na sayo babbar ledar minti, na ɓare, na jera uku-uku a tsakiyar kowane littafi, na rufe akwatin na ajiye shi a bakin taga don ƙamshin ya kama da kyau.

Rumasa'u ta dawo daga gidan kula da tsofaffi inda take aiki, ta tsaya tana kallona.

"Malam, alewa kake ba littafi?"

"Ke dai ki fara zaɓen labule. Irving Park za mu koma."

"Ni kuɗin makarantar nas nake so, ba labule ba. Ka tambayi mai shagon kuwa?"

"In tambaye shi me? Shi ya tambaye ni, na ba shi amsa."

Watan Agusta ne, zafin Greensboro irin mai ɗanko, wanda riga ke manne wa mutum a baya. Kwana huɗu ban buɗe akwatin ba. A rana ta biyar da hantsi sai muryar Hajiya Daso, matar Alhaji Badaru, ta taso daga ƙasa.

"Rumasa'u! Ke Rumasa'u! Wani abu ya mutu a ɗakinku ne? Kiyashi sun yi layi tun daga ƙofar gida, sun bi ta kicin ɗina, ko kallon sukarina ba su yi ba, sama suka nufa!"

Na ɗaga murfin. Mintin ya narke ya zama ruwa, shafuka sun manne da juna, kiyashi kuwa sun kafa gari. Fuskar ƙaton mai fikafikai baƙi ƙirin take da su, har motsi take.

"Ƙaramin abu ne," na ce. "An san da haka a fannin."

Na ruga kanti na sayo maganin ƙwari na feshi, gwangwani biyu. Na shimfiɗa littattafan a tsakar ɗaki na yi musu ruwan magani gaba da baya. Kiyashi suka mutu, ban musu ba. Amma maganin mai ne da shi. Kafin la'asar kowane bango ya yi tabo kamar takardar da aka naɗe ƙosai, ja ya shiga shuɗi, shuɗi ya shiga rawaya. Wani jarumi da ya shekara arba'in da farar fuska ya koma kore. Alhaji Badaru ya hauro yana tari, hannunsa a hanci.

"Hudu, mu ma kiyashi ne? Hajiya ta fita tsakar gida da tukunyarta."

"Alhaji, mataki na biyu ke nan. Saura wanki."

"Wankin me?"

Bai tsaya jin amsa ba, ya sauka yana salati.

Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi da ɗan sabulu na goge su ɗaya bayan ɗaya, na fita da su bayan gida na shanya a igiyar Hajiya Daso, tsakanin zannuwanta da singiletin Alhaji. Ɗaliban da ke haya a maƙwabta suka fito baranda suna kallo. Ana cikin haka sai ga Sale a kan kekensa. Ya tsaya, ya sauke ƙafa ɗaya, ya bi igiyar da ido daga farko har ƙarshe.

"Mon ami, masallacin ne aka shanya?"

"Ka yi dariyarka. Ranar buɗewa a sahun baya za ka tsaya."

"Wannan koren fa, ciwon shawara ne ya kama shi?"

"Haka aka buga shi. Irinsa ne ma ya fi tsada."

"Bon. To ga hadari can, shi ma cikin fannin yake?"

Kafin in waiwaya ruwa ya ɓalle. Na yi ta tsalle ina fizgo littattafai, wasu suna biyo ni, wasu suna barin bangonsu a igiya. Hajiya Daso ta fito kwashe zannuwanta muka yi karo, ta tafi da jarumi ɗaya manne a zaninta, sai da na bi ta har ƙofar kicin ina ba ta haƙuri kafin na ɓamɓaro shi.

Da suka bushe sai suka kumbura suka lanƙwashe, kowanne ya yi kaurin burodi. Wannan kam ko yaro ya san maganinsa. Na jona dutsen gugar Rumasa'u na murɗa shi har ƙarshe.

Na farko ya miƙe sarai. Na biyu ma haka. A na uku sukarin da ya rage a ciki ya fara tafasa, ɗakin ya ɗauki ƙamshin alewar madara, gefen littafin ya yi baƙi, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta kama ihu. Maƙwabta suka firfito kan titi. Alhaji Badaru ya hauro da bokiti, bai yi sallama ba, bai tambayi kowa ba, ya sheƙa wa teburin ruwa, da ni, da littafi shida da na riga na busar.

Washegari da safe Rumasa'u ta goge farar rigarta ta aiki da dutsen nan. Ta ɗaga rigar ta juyo da ita wajena. A tsakiyar bayan rigar ga ƙafar jarumi, da jan takalmi, tana harbin iska.

"Zai fita da bilic," na ce.

"Malam, ka tsaya haka. Don girman Allah ka kai wa mutumin nan abin da ya rage."

"In tsaya a tsakiyar aiki? Likita yana barin mara lafiya a buɗe?"

"Likita yakan fara da mara lafiya. Kai da masu lafiya ka fara."

Ban kula ta ba. Na kwashi littattafan na kai ofishin sashenmu, inda akwai babbar wuƙar yankan takarda, na datse duk gefen da ya ƙone. In na datse dama sai hagu ya fi tsawo, in na daidaita hagu sai sama ta karkace. Da na gama, wasu sun koma girman fasfo. Jarumai da yawa sun rasa ƙafa, wani ya rasa kai, maganganunsu duk an yanke su a tsakiya. Na sayo alƙaluman kala na mayar wa kowa da launinsa gwargwadon abin da na tuna. Inda bango ya rabu na ɗaure da salatif, na ƙara wani a kai don ƙarko.

A nan ne na lura da wata ƙazanta. A kusurwar kowane bango akwai ɗan rubutu da fensir: harafin W, da kwanan wata. Na ce yaro dai yaro ne, duk tsabtarsa sai da ya yi ɓarna. Na zauna da abin goge fensir na share su tas, arba'in da ɗaya. Sannan na je aka sassaƙa mini hatimi mai faɗin tafin hannu, na buga shi da jar tawada a tsakiyar kowane bango, don saniya mai asali ba ta zama babu tambari.

Ranar taro na saka babbar riga mai aska takwas. Jama'armu duka suka zo, mota huɗu, har da liman. Hajiya Daso ta soyo cincin a kwano saboda walima. Zauren otal ɗin ya cika da tebura, Turawa da baƙaƙen Amurka suna ta kai da kawowa, kowa da komik a cikin leda, ana ɗaga shi a hankali kamar jariri. Na shimfiɗa kayana, na kafa kwali na rubuta FEDIGIRIN SANDA da manyan baƙaƙe. Jama'ata suka jeru a bayana.

Mutum na farko ya zo ya duba, ya dube ni, ya wuce da sauri. Na biyu ya kira abokinsa, su biyu suka tsaya suka rufe baki.

"Kun gani?" na ce da jama'a. "Sun rasa abin cewa."

"Wannan gaskiya ne," in ji Sale.

Can sai ga Mista Coble da farar safar hannu. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mista Coble! Zo ka ga mint na gaskiya. Shinshina!"

Ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu. Ya shinshina, ya yi atishawa. Ya yi ƙoƙarin buɗewa, littafin ya ƙi, ya ɗan ja, sai ya buɗe da ƙara kamar an yage tsumma, wani guntun minti ya faɗo ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Mene ne wannan?" ya ce a hankali.

"Minti. Uku-uku na sa. In bai isa ba akwai saura a aljihuna."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka a kusurwar bangon. Ya ciro ɗan madubin ƙara girma, ya ɗaga littafin saitin fitila. Ya ɗauki na biyu ya yi haka, ya ɗauki na uku. Ya jawo kujerar liman ya zauna ba tare da ya nemi izini ba.

"Akwai W a nan," in ji shi. "An goge, amma ga sawun fensirin."

"Ni na goge. Ba sai ka biya ladan wannan ba."

Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Mutane suka fara taruwa.

"Jama'a, tarin W ne!" ya ce da su. "Shekara goma muna nemansa! Guda uku kacal suka taɓa fitowa, waɗanda yaron ya yi musaya da abokinsa. Ɗaya yana cikin gilashina. Kai, ba na nuna maka alamar ba? Da ɗan yatsana na nuna maka!"

Zauren ya ɗauki salati irin nasu. Wani mai ƙiba ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Wata mata ta ɗaga wanda ya koma girman fasfo ta ce wannan fitowa ta farko ce, ba a san da wani mai kyau a duniya ba, sai ta ajiye ta juya baya.

"Wa ya yi wannan ta'asar?" in ji Mista Coble. "Wane ne? Ruwa, wuta, wuƙa, salatif... wannan ba mutum ɗaya ba ne. Wa ya yi?"

Na dubi jama'ata, na dubi ƙofa, ta yi nisa.

"To... kusan haka na same su," na ce. "Ka san tsofaffin kaya."

Sale ya matso, ya ɗauki ɗaya, ya gyara tsayuwa kamar mai karanta sanarwa a rediyo, ya karanta hatimina da Turanci yadda na sa aka sassaƙa, sannan ya fassara wa liman: "Fedigirin Hudu Sanda. Shi ya gyara da hannunsa. Agusta 1984."

Har kwanan wata na sa.

Alhaji Badaru ya yi gyaran murya ya tambayi Mista Coble cikin natsuwa: "Da ya kawo maka su yadda suke a akwati, me za su yi?"

"Da kun gina abin da kuke so ku gina, kun yi masa kafet."

"Yanzu fa?"

Mista Coble ya dubi teburin, ya daɗe. "Akwatin yana da kyau," in ji shi. "Zan sayi akwatin."

Ya jawo akwatin don ya duba, ya ɗaga zanen da ke ƙasansa. Ashe a nan ragowar ledar mintin ta maƙale, kuma a nan kiyashin da suka tsira daga feshi suka koma suka hayayyafa. Kiyashi suka ɓullo, suka gangara ƙafar teburina, suka hau na maƙwabcina, wani dattijo da ya zo da kaya tun daga Atlanta.

"Ƙwari!" ya yi ihu. "Ƙwari a zaure!"

Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Manyan mutane suna rungumar akwatuna suna tsallake kujeru, tebura suna kifewa, wani ya cusa komik a cikin rigarsa ya hau kan kujera ya tsaya. Aka ture kwanon Hajiya Daso, cincin ya watsu, kiyashi suka rabu gida biyu. Masu gadi biyu suka zo suka kama ni ta hannun babbar riga, ɗaya dama ɗaya hagu, suka fita da ni ƙafata tana taɓa ƙasa sama-sama. Jama'ata suka biyo baya a jere, liman a gaba yana kallon silin.

A wurin ajiye motoci Sale ya dafa kafaɗata.

"Mon ami, famfon nan nawa, ka bar shi kawai. Na yafe."

Washegari Lahadi bayan azahar Rumasa'u ta yafa gyalenta ta tsaya a kaina.

"Tashi, Malam. Gidan matar nan za mu."

"Ba ni da lafiya."

"Amana ta ba ka, ta ɗan'uwanta da ya rasu. Da bakinka za ka gaya mata, tunda bakin yana aiki."

Wannan tafiyar ta fi mini ciwo a kan fitar da ni da masu gadi suka yi. Misis Holt ta zaunar da mu a falo ta kawo shayi mai ƙanƙara. Na faɗa mata komai, tun daga minti har hatimi. Duk inda na yi ƙoƙarin tsallakewa sai Rumasa'u ta ce, "Ka manta dutsen guga," ko "Ka manta wuƙa." Na ajiye mata guda ɗaya a kan tebur, koren nan. Ta ɗauka ta daɗe tana kallon kusurwar da na goge. Ta shafa wurin da ɗan yatsa.

"Rubutunsa ke nan," in ji ta. "Da hagu yake rubutu."

Na so ƙasa ta tsage.

"Mama, ki yafe mini. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba."

Ta ajiye littafin. Ta dubi Rumasa'u.

"Ke kin ce masa ya tsaya?"

"Sau bakwai, Mama."

"Me kike so ki yi da rayuwarki, 'yata?"

"Nas nake so in zama."

Dattijuwar ta gyaɗa kai, ta kurɓi shayinta.

"Wancan akwatin shi ne ƙarami," in ji ta. "Akwai manya guda huɗu a kabad ɗin ɗakinsa. Na ba shi ƙaramin ne don in ga yadda zai yi."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. "Mama! Ai yanzu na ƙware! Duk kuskuren da ake yi a fannin nan na riga na..."

"Zauna, Hudu." Na zauna. "Rumasa'u, gobe ki kira mai shagon nan ya zo nan gidan. Ke za ki tsaya a kansa, ya rubuta komai a gabanki. In an sayar, a biya miki makaranta har ki gama, a sa wani abu a ɗakin sallarku, saura a kai asibitin tsofaffin sojoji da sunan Wolta. Sharaɗina ɗaya ne." Ta nuna ni da cokalin shayi. "Wannan kada ya shigo."

Haka kuwa aka yi. Kwana uku Mista Coble da Rumasa'u suna falo da farar safar hannu, suna ɗaga littafi ɗaya bayan ɗaya. Ni ina waje ina tura injin ciyawa. Duk lokacin da na kusato taga sai Misis Holt ta ƙwanƙwasa gilashi ta nuna mini can ƙarshen fili. Ciyawar gidan nan sai da na yanke ta sau huɗu a kwana uku, har ƙasa ta fara leƙowa.

Bayan wata biyu Mista Coble ya buga jerin kayan da tafireta don ya aika wa masu saye, Rumasa'u ta kawo kwafi gida. Na bi shi layi-layi ina neman sunana, tunda dai ni na gano tarin. Sunan Wolta yana sama. Na Misis Holt yana nan. Na Rumasa'u ma yana nan, an ce ita ce mai kula da kayan. Sai a shafi na ƙarshe, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, na ga an rubuta: "Guda arba'in da ɗaya sun salwanta a wani bala'i."

Na kai wa Sale takardar ranar Juma'a na nuna masa layin.

"Ka gani? Ko ba komai an ambace ni."